Yaushe ya kamata a taimaki ɗan agwagwa ya fita daga ƙwai?

Masu kiwon agwagi da ke amfani da injin ƙyanƙyasar ƙwai kan shiga tsaka mai wuya idan ɗan tsako ya huda ɓawo sannan ya yi shiru na tsawon yini guda ko fiye. A bar shi yana iya mutuwa a ciki, a ɓare shi da wuri kuma jini na iya ƙare masa.

Galibi dai wannan shirun ba alamar matsala ba ce, kuma garajen mai kiwo na halaka 'yan tsakin da da an ƙyale su da sun fito da kansu.

Abu na farko shi ne sanin irin agwagwar. Ƙwan nau'in Pekin da Khaki Campbell kan ƙyanƙyashe a kwana 28, amma na Muscovy, wato agwagwar gida mai jan nama a fuska wadda aka fi kiwo a Najeriya, sai ya kai kwana 35. Wanda ya yi lissafi da 28 alhali ƙwan Muscovy ya zuba, zai ɗauka an makara da mako guda, ya fasa ƙwan da bai nuna ba.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwai

A ɓangaren ƙwai mai faɗi akwai wani gurbi na iska, wanda ke ƙara girma yayin da ruwan cikin ƙwan ke raguwa. Idan lokacin fita ya matso, ɗan tsakon kan keta tantanin ciki da bakinsa ya shiga wannan gurbi, a nan ne kuma yake fara numfashi da huhu. Akan ji kukansa a wannan lokaci tun ɓawo bai tsage ba.

Da iskar gurbin ta fara ƙarewa sai tsokar wuyansa ta riƙa fizga, ya doki ɓawon da wani ɗan tsini da ke kan bakinsa har ya huda shi. Daga nan sai ya huta.

Hutun yana da dalili. Tsawon makonnin da ya yi a ciki, ta wasu jijiyoyin jini da ke shimfiɗe a jikin tantanin yake shaƙar iska, kuma sai jinin ya koma jikinsa jijiyoyin sun bushe kafin ya rabu da su. A daidai lokacin ne kuma yake janye ragowar gwaiduwa zuwa cikinsa ta cibiya. Wannan aiki ya fi ɗaukar lokaci a agwagwa fiye da kaza, domin daga hudar farko zuwa fita akan yi sa'o'i 24 zuwa 48. Wanda ya saba da 'yan tsakin kaji shi ne ya fi saurin ƙosawa.

Me ke hana shi fita?

Babban dalili shi ne bushewar tantani. Idan danshin cikin injin ya yi ƙasa, tantanin kan ƙanƙame ya manne wa ɗan tsakon har ya kasa juyawa. Cibiyar binciken agwagi ta Jami'ar Cornell da ke Amurka na ba da shawarar zafin digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas da danshi kashi 55 cikin 100 a makonnin farko, sannan a ɗaga danshin zuwa kashi 65 kwana uku kafin ƙyanƙyasa, a ƙara shi zuwa kusan 80 idan an fara huda ɓawo.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar wannan ba ƙaramin aiki ba ne lokacin hunturu, sa'ad da iska ke bushewa ƙwarai. Duk buɗe murfin da aka yi don a leƙa yana fitar da danshin da aka tara.

Akwai kuma mummunan kwanci. Daidai shi ne kan ɗan tsakon ya kasance ƙarƙashin fiffikensa na dama, bakinsa na fuskantar gurbin iska. Wasu kan juya su huda ta ɓangaren ƙwai mai tsini. Ɗaukewar wutar lantarki ma kan jinkirta ƙyanƙyasa ta kuma raunana 'yan tsakin.

Alamomin da ake dubawa su ne wucewar sa'o'i 48 da huda ba tare da wani ci gaba ba, ko tantani ya koma ruwan ƙasa ya yi tauri kamar takarda, ko ɗan tsakon ya fara zagaya ɓawon yana tsagawa sannan ya tsaya cik na sa'o'i, kukansa na raguwa. Amma wanda ke motsa baki kamar mai tauna, yawanci bai gama janye gwaiduwa ba ne, sai a ƙyale shi.

Yadda ake taimakawa

A wanke hannu da sabulu, a yi aikin a ɗaki mai ɗumi, kuma cikin hanzari don kada ƙwan ya huce. A haska shi da tocila don a ga iyakar gurbin iska, sannan a sa hantsaki mai tsabta a riƙa ɓantarar ɓawo kaɗan-kaɗan daga saman gurbin kawai, inda babu jijiyoyin jini.

Idan tantanin ya bayyana, a jiƙa shi da auduga da ruwan ɗumi ko ɗan man kwakwa, tare da kiyaye hancin ɗan tsakon don kada ruwa ya shige shi. Jiƙaƙƙen tantani kan yi garau har a ga abin da ke ƙarƙashinsa. Muddin aka ga jajayen jijiyoyi cike da jini, lokaci bai yi ba: a mayar da ƙwan cikin injin, a sake dubawa bayan sa'o'i uku ko huɗu. Haka nan idan jini ya fito, a danna wurin da auduga a hankali, a dakata.

Sai jijiyoyin sun kode sun zama siraran zare ake naɗe tantanin baya daga baki, har kai da wuya su kuɓuta. A nan ya kamata hannu ya tsaya. A bar rabin jikinsa na ƙasa a cikin ɓawon ya ture da ƙafafunsa, domin jan sa da ƙarfi na iya fasa gwaiduwa ko yaga cibiya, kuma da wuya wanda hakan ta faru da shi ya rayu.

Ba duk wanda aka taimaka wa ke rayuwa ba, saboda wani tun asali naƙasa ce ta hana shi fita. Shi ya sa masu kiwo da dama ba sa ajiye irin waɗannan don haihuwa, ko da yake wanda bushewar injin ce kawai ta tsare shi kan tashi lafiya kamar saura.

Bayan ya fito akan bar shi a cikin injin har gashinsa ya bushe, gwaiduwar da ya janye kuma za ta riƙe shi yini guda ko biyu ba tare da abinci ba. Daga nan a mayar da shi wuri mai zafin kimanin digiri 32, a ba shi ruwa a mazubi marar zurfi, domin gashinsa bai sami maiƙon da ke hana jiƙewa ba tukuna, kuma sanyi ko nutsewa na iya kashe shi.