Kurkukun da ba shi da ɗakin horo

A gundumar Buckinghamshire ta Ingila akwai wani gidan yari da ake kira Grendon. An buɗe shi a 1962, mazaunansa kuwa ba su kai 250 ba. Yawancinsu masu dogon ɗauri ne ko ɗaurin rai da rai: masu kisan kai, masu fyaɗe, 'yan fashi da makami. Duk da haka gidan ba shi da ɗakin da ake kulle fursuna shi kaɗai don horo, faɗa da duka kuma sun yi ƙaranci ƙwarai idan aka gwada shi da sa'o'insa. To me ya kwantar da irin waɗannan mutane?

Abin da zai fara zuwa wa mutum a rai shi ne magani, tunda asali an gina gidan ne don masu matsalar ƙwaƙwalwa, kuma likita ne, William Gray, ya fara shugabantarsa. Sai dai an daɗe ana sharɗanta wa mai son shiga ya rabu da magungunan da ke kashe jiki da tunani. Da idonsa biyu ake son sa.

Ko dai masu sauƙin kai ake tsamowa? Nan akwai ƙamshin gaskiya, don fursuna ne da kansa yake neman a kawo shi, kuma sai ya yi watanni a sashen tantancewa. Amma takardunsu sun nuna da yawa sun addabi gandirobobi a gidajen da suka baro, laifi kan laifi, da zuwansu Grendon sai abin ya ragu. Mutumin dai shi ne, gida ya sauya. Ashe a cikin gidan za a nemi amsar.

Tana cikin yadda ake tafiyar da mako. Kowane sashe na da mutum wajen 40. Ran Litinin da Juma'a kowa da kowa ke zama taro, har da ma'aikata, kuma fursunan da 'yan uwansa suka zaɓa ne ke jagoranta. Sauran safiyoyi uku a kasu rukuni-rukuni, mutum takwas ko kusa da haka, kowa ya faɗi abin da ya aikata, da yarintarsa, da wanda ya cuta, sauran su yi masa tambayar da ba zai iya zillewa ba, don su ma sun san hanyoyin ƙarya. Gandiroba da fursuna da sunan yanka suke kiran juna. Ayyukan sashe da ƙuri'a ake rabawa.

A ganina jigon lamarin yana nan. A yawancin gidajen yari, wanda ya tona asirin ɗan uwansa ya sayi wahala, shi ya sa mugunta ke samun wurin ɓuya. A Grendon kuwa, wanda ya yi wa wani barazana da dare zai ji maganar a gaban jama'a. Dokokin gidan uku ne: ba duka, ba ƙwaya, ba jima'i. Wanda ya karya, jama'a su kaɗa ƙuri'a kan zamansa ko komawarsa gidan yari na yau da kullum, ma'aikata su yanke hukuncin ƙarshe. Mutum na jure kulle da taurin kai, amma kallon mutum 40 da suka san sirrinsa ba ya juruwa haka.

Saura ƙulli guda. Binciken da John Gunn da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1970 ya samu halin mutanen ya gyaru a ciki, amma bayan saki suna komawa laifi kamar kowa. Yaya haka? A 1997 Peter Marshall na Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya ya gwada waɗanda suka zauna a Grendon da waɗanda aka zaɓa amma ba su samu zuwa ba, ya kuma duba tsawon zaman kowa. Nan abin ya warware: waɗanda suka yi wata 18 ko fiye, komawarsu ga laifi ta ragu da kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu. Masu gajeren zama, waɗanda aka kora ko suka gaji suka nemi tafiya, su ne suka riƙa dusashe lissafin. Shi ya sa duk mai neman shiga sai ya amince zai yi dogon zama.