Saƙon Ɓoye a Littattafan Yara: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

Duk bayan 'yan watanni sai wani saƙo ya zaga wayoyin iyaye, wai littafi kaza da ake karanta wa yara akwai asiri a cikinsa, in ka haɗa wasu haruffa za ka ga sunan Shaiɗan, ko kuma marubucin ya cusa wata muguwar aƙida ta ƙarƙashin ƙasa. Wasu su yi fatali da zancen, wasu su haɗiye shi ba tauna. Kowanne ɓangare yana da gyara, domin da gaske akwai marubutan da suka ɓoye saƙo a littattafan yara, sai dai labaran da suka fi tayar da hankali galibi ba su da tushe.

Lewis Carroll, malamin lissafi a Jami'ar Oxford ta Ingila, shi ya rubuta labarin Alice, wanda aka buga a 1865. A ƙarshen littafi na biyu, wanda ya fito a 1871, ya sa wata waƙa da in ka ɗauki harafin farko na kowane layi daga sama zuwa ƙasa, za ka sami cikakken sunan yarinyar da ya fara ba wa labarin, Alice Pleasance Liddell. Wannan gaskiya ne, kuma duk mai littafin zai iya tabbatarwa da idonsa. Haka J.R.R. Tolkien ya rubuta bayanai a taswirar littafinsa The Hobbit na 1937 da tsofaffin haruffan mutanen Ingila, shi kuma Eoin Colfer ya jera wasu alamomi a ƙasan shafukan Artemis Fowl a 2001 don yara su warware.

Wanda ya fi kowa nisa a wannan wasa shi ne mai zane Kit Williams. A 1979 ya ƙera zomo na zinare, ya sa shi cikin tukunyar yumɓu don kada na'urar gano ƙarfe ta ji shi, ya binne a wani fili a garin Ampthill na Ingila. Sannan ya fitar da littafin hotuna mai suna Masquerade, ya shelanta cewa wurin da zomon yake yana cikin zane-zanen. Mutane suka yi ta haƙe-haƙe a gonaki da lambunan jama'a, kowa da fassararsa. Amma dabarar guda ɗaya ce: a ja layi daga idon mutum ko dabbar da ke cikin hoto, ya bi ta yatsa mafi tsawo, ya sauka kan harafi a gefen shafi. Haruffan sun nuna wata alama da aka kafa don tunawa da Sarauniya Catherine, da inda inuwarta ke kaiwa da tsakar rana a ranar da dare da yini suke daidai. Malaman kimiyya biyu, Mike Barker da John Rousseau, su suka warware ta bisa ƙa'ida. Wanda ya karɓi zomon a 1982 kuwa wani ne daban, kuma jaridar Sunday Times ta bankaɗo a 1988 cewa ya sami haske ne ta hanyar wata tsohuwar budurwar mai zanen.

Mai karatun waƙoƙin ajami ba baƙo ba ne ga irin wannan. Malamanmu sukan rufe waƙa da ramzi, su ɓoye shekarar da suka yi ta cikin haruffa, kuma duk almajirin da ya san hisabi, a Sakkwato yake ko a Damagaram, lamba ɗaya zai fitar. Ma'aunin ke nan. Saƙon da aka ɓoye da gangan yana da mabuɗi, kuma kowa ya yi amfani da shi amsa ɗaya zai samu.

Jita-jita takan faɗi a wannan gwaji. A 1996 wani Richard Wallace ya wallafa littafi yana cewa Lewis Carroll ne Jack the Ripper, makashin da ya addabi Landan a 1888. Hujjarsa ita ce ya wargaza haruffan wasu jimlolin Carroll, ya sake jera su, suka ba da kalaman amsa laifi. Da mujallar Harper's ta buga wani yanki na aikin, sai masu karatu biyu suka ɗauki jimlolin Wallace na farko, suka juya haruffansu, suka fito da shi kansa yana amsa laifin wani kisa da ya yi suna a Amurka. In haruffa suna da yawa kuma mutum ya riga ya san abin da yake son gani, zai gan shi.

Labarin cewa littafin Harry Potter ya jefa ɗimbin yara cikin bautar Shaiɗan, har da maganganun da aka jingina wa marubuciyar, daga The Onion ya fito a 2000. Wannan jaridar barkwanci ce ta Amurka, sana'arta ƙirƙirar labarai don dariya, amma aka kwafe shi aka yi ta turawa a matsayin rahoto. Uban da ba ya son ɗansa ya karanta labarin masu sihiri yana da 'yancinsa, kuma ba ya buƙatar ƙarya don kare matsayinsa, tunda sihirin a fili yake a kowane babi.

A nan gida ma mun gani. A 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce kan Queen Primer, ƙaramin littafin koyon karatun Turanci, har Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta ƙwace kwafi daga kasuwa, saboda kalmar "gay" da ke cikinsa. Gaskiya ne kalmar tana ciki, kuma gaskiya ne a yau tana nufin masu neman jinsi ɗaya. Abin da ba gaskiya ba shi ne cewa 'yan wani kamfe na zamani ne suka shirya littafin. Tun zamanin Sarauniya Victoria, ƙarni na 19, aka rubuta shi, lokacin da kalmar take nufin mai fara'a da annashuwa. A ganina makaranta tana da dalilin ajiye littafin da ya tsufa har kalmominsa suka sauya ma'ana, amma kiran abin makirci ya wuce abin da hujja ta nuna.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda farautar asiri ke ɗauke hankalinmu daga abin da ke rubuce ɓaro-ɓaro. Tarbiyyar da littafi ke koyarwa, mai kyau ko maras kyau, tana cikin labarin ne: wa aka yaba, wa aka wulaƙanta, me aka nuna abin koyi ne. Don haka, ya ku iyaye da malamai, in irin wannan saƙo ya iso muku, ku nemi littafin, ku buɗe shafin da aka ambata, ku duba shekarar da aka fara buga shi. In mai saƙon bai faɗi shafi ba, bai kuma nuna hanyar da kowa zai bi ya ga abin da ya gani ba, kada ku tura wa kowa. Littafin da za ku ba ɗanku kuwa, ku riga shi karantawa.