Littafin da Rabin Shafinsa Fari Ne: A Daina Ƙwace wa Yara

Akwai wata ɗabi'a da ta fara yin katutu a gidajen wasu Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma mazauna birnin Washinton da kewayensa, daga Silver Spring da Hyattsville a Maryland har Alexandria a Virginia. Yaro zai dawo daga makaranta da littafi, uba ya karɓa ya buɗe, ya ga layi biyar ko bakwai a shafi, sauran duk fari fat. Sai ya haɗe rai: "Wannan shi ne karatun? Waƙa aka tura ka yi?" Uwa ta ƙara da cewa malaman nan sun ga yaron baƙar fata ne shi ya sa suka ba shi na malalata. Daga nan a mayar da littafin, a tilasta masa wani mai cike da rubutu wanda zai kwana a jaka har ƙarshen zango ba a buɗe ba. Wannan ɓarna ce, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta, abin da ya sa ta fi wuyar magani.

Littafin da ake magana a kai ƙagaggen labari ne mai farko da tsakiya da ƙarshe, sai dai an tsara shi cikin gajerun baitoci, galibi ba amsa-amo. Shi ke nan.

Masu cewa karatun malalata ne su fara duba su wane ne ke rubuta shi, domin manyan gwanayensa maƙwabtansu ne. Jason Reynolds a Washinton aka haife shi a 1983, ya tashi a Oxon Hill. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa bai taɓa karance ƙagaggen labari daga bango zuwa bango ba sai da ya kai shekara 17. Abin da ya fara jan shi ga rubutu tun yana ɗan shekara 9 shi ne baitocin mawaƙiya Queen Latifah da ya gani a takardar cikin kaset. Yaron da littattafan makaranta suka kasa riƙewa, shi ne Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya naɗa jakadan adabin yara na ƙasa baki ɗaya daga 2020 zuwa 2022. Da an ƙwace masa waccan takarda da sunan tarbiyya, wa ya san inda zai ƙare?

Littafinsa *Long Way Down* na 2017 ya haura shafi 300, amma labarin duka minti ɗaya ne cikin lifta. An harbe yayan Will, yaro ɗan shekara 15, shi kuma ya ɗauki bindiga zai je ramuwa kamar yadda dokar unguwa ta tanada. A kowane hawa lifta ta tsaya sai wani mamaci ya shigo, har da ƙawarsa ta ƙuruciya. Marubucin bai gaya wa mai karatu ko Will ya fasa ba. Yaron da ya rufe littafin dole ya yanke hukuncin da kansa, ya kuma kare shi a aji da hujja. A ina lalaci yake a nan? Fararen wuraren da iyaye ke kuka da su, su ne wurin aikin: abin da ba a faɗa ba, mai karatu ne zai cike shi. Kalma ɗaya tilo a tsakiyar shafi tana tilasta tsayawa a tambayi dalili, alhali a rubutun zube ido kan tsallake layi goma ba a sani ba. Kilishi ai bai kai ɗanyen nama nauyi a sikeli ba, amma ba wanda ya taɓa cewa ba nama ba ne.

Kwame Alexander, wanda ya yi shekaru a arewacin Virginia, ya sha ƙi daga kamfanonin ɗab'i kafin *The Crossover* ya fito a 2014. Gani suke yara maza ba za su karanta baiti ba. A 2015 littafin ya lashe lambar Newbery, wadda ita ce mafi daraja a adabin yara a Amurka. Labarin tagwaye ne 'yan shekara 12, Josh da JB, gwanayen ƙwallon kwando, waɗanda shaƙuwarsu ta fara tsagewa ranar da ɗayan ya yi budurwa. Ga kishi, ga gaba tsakanin 'yan uwa, ga uba mai ciwon zuciya da ya ƙi zuwa asibiti har ta kai shi ƙasa. Wane gidan Bahaushe ne bai san irin wannan uban ba? A *Booked* na 2016 kuwa, Nick ɗan ƙwallon ƙafa ne da iyayensa ke shirin rabuwa, amininsa Coby ne ke riƙe da shi. Elizabeth Acevedo kuwa ta taɓa zama malamar Turanci ta aji takwas a gundumar Prince George's ta Maryland, inda ta ga ɗalibanta ba sa samun kansu cikin littattafan da ake ba su. *The Poet X* da ta fitar a 2018 ya ci babbar lambar littafi ta ƙasa a Amurka, ya kuma ci Carnegie a Ingila a 2019.

Abin haushin shi ne a ce Bahaushe ne ke raina ilimin da aka zuba cikin baiti. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da waƙe ta karantar da matan karkara ta hannun malamai mata da ake kira jaji na ƙungiyar 'Yan Taru, da waƙe ta ba da tarihin jihadi. *Imfiraji* na Aliyu Namangi na Zariya, makafi da masu ido sun haddace shi. *Waƙar Bagauda* jerin sarakunan Kano ce cikin baiti. Kakannin waɗannan iyaye a haka suka koyi fiƙihu da tarihi, ba wanda ya ce musu malalata.



To me ya kamata iyaye su yi? Da farko, kada a yanke wa littafi hukunci da kallo. A zauna a karanta shafi ashirin, ba zai ci minti goma sha biyar ba. In Turancin ya yi nauyi, a sa yaron ya karanto da ƙarfi ya kuma fassara da Hausa. An jefi tsuntsu biyu ke nan, domin Hausar tasa ma da ke neman kuɓucewa za ta samu motsi. Irin waɗannan littattafai don kunne aka yi su, shi ya sa Reynolds da Acevedo da muryarsu suka naɗi nasu, kuma ana aron sautin kyauta ta manhajar Libby da katin laburare. Katin nan ba a biyan ko sisi, a Laburaren Martin Luther King da ke tsakiyar birni ko reshen unguwa.

Sannan a lura da shekaru, nan ne ya kamata tsaurin iyaye ya koma. *The Crossover* da *Booked* sun dace da ɗan shekara 10 zuwa 13. *Long Way Down* akwai kisa da bindiga, sai wanda ya fara girma. *The Poet X* ya taɓo soyayya da rikicin yarinya da uwarta kan addini, don haka uwa ta fara karantawa kafin ta miƙa, ta kuma shirya amsa tambayoyi. Wanda ke neman abin da ya fi kusa da gida ya nemi *Other Words for Home* na Jasmine Warga, 2019, labarin Jude, yarinya Musulma da ta bar aminiyarta a Siriya ta koma Cincinnati, ta fara sa hijabi a can. Ko *The Door of No Return* na Alexander, 2022, wanda ya faru a ƙasar Asante a 1860.

Kada kuma a mayar da abin jarrabawa. Maimakon "shafi nawa ka yi?", a tambayi yaro wa ya fi laifi tsakanin Josh da JB, shi kuma da abokinsa na makaranta sun taɓa yin irin wannan gabar? Yaran da ba sa buɗe wa iyaye ciki sukan yi magana a kan yaron cikin littafi. In an samu dama a kai su bikin littattafai na ƙasa da Laburaren Majalisa ke shiryawa kowace shekara tun 2001, shiga kyauta ne, marubutan kan zo su sa hannu a littafi. Mai ƙorafi kuma ya je wurin malamar aji ranar ganawa da iyaye, ya tambaye ta dalilin zaɓen littafin da kuma wanda zai biyo bayansa.