Daga Bola Zuwa Aji: Darasin Muhalli a Ƙauyukan Jazira

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, rayuwar yankin Jazira na ƙasar Sudan ta rataya ne a kan magudanan da ke kai ruwan Shuɗin Nilu gonakin auduga da dawa. Hausawa da Fulanin da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suna cikin waɗanda suka zuba guminsu a wannan noma. Yau duk wanda ya tsaya bakin ƙaramar magudana a gefen ƙauye zai ga leda da gorar roba sun taru a bakin bututu, ruwa ya kwanta, sauro da dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya sun sami wurin zama.

Yaran Maiurno, garin da ya ɗauki sunan Mai Wurno, da maƙwabtansu ba sa jiran a koya musu sarrafa tarkace. Gwangwanin kifi suke hudawa, su yanko tayoyi daga tsohon silifa, su soke da tsinke, sai ga mota. Tsohuwar safa kuwa a cusa mata tsumma da leda, ta zama ƙwallo. Abin da ya rage wa malami shi ne ya haɗa wannan hikima da abin da ke toshe magudanar. Ya sa ɗalibai su binne ganyen dawa da leda wuri guda, suna yayyafa ruwa, bayan wata biyu su tone: ganyen ya fara komawa ƙasa, ledar tana nan daram. Ko su huda gora da allura, su binne ta kusa da dashen dalbejiya, su ga yadda ruwa kaɗan yake riƙe shuka. A ganina wannan ya fi zanen bishiya a allo nesa ba kusa ba, balle yanzu da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya bar makarantu da yawa ba littafi, ba alli.

Sai dai ba kowace bola ce ta wasa ba. Jarkar maganin feshin auduga ko an wanke ta guba ce, kuma inda aka gwabza faɗa akwai harsasai da gurneti da ba su fashe ba. Malamai da iyaye, ku tantance kayan da kanku, kada a tura yaro tsinto ƙarfe a kango.