Shin Ko Kun San? Tsohuwar Kalmar Ƙarfi a Harsunan Silab

Shin ko kun san cewa kakan harsunan Rasha, Polan, Cek, Sabiya da Bulgeriya, wato harsunan Silab, bai bar ko harafi ɗaya a rubuce ba? Sai wajen shekarar 863, da 'yan'uwa biyu, Siril da Metodiyos, suka isa Morabiya wa'azi, aka fara rubuta wani harshen Silab. Abin da ya gabaci haka, masana ne suka jera kalmomin jikoki suka bi sawu baya. Shi ya sa suke sa tauraro a gaban irin waɗannan kalmomi, alamar ba a gan su a takarda ba.

Ɗaya daga ciki ita ce *mokti, wato ƙarfi ko iko. Tushenta aikatau ne mai ma'anar iyawa, aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar -ti ya koma suna. 'Yar ɗaki ɗaya ce da Macht ta Jamusanci da might ta Ingilishi.

Daɗin labarin yana wajen "kt" ɗin nan na tsakiya, domin kowane yanki da yadda bakinsa ya lanƙwasa shi. Mutanen Polan da Cek suna rubuta moc, su furta "mots". A Sabiya moć, a Sulobeniya moč, a Bulgeriya kuwa "mosht". In kuna shakka, ku duba kalmar dare, wadda ita ma da "kt" ɗin ta taso: noc, noć, noč, "nosht". Sauyin bai kauce ba ko kaɗan, kuma wannan ce hujjar da ta fi gamsar da ni.

A nahawu jinsin *mokti mace ce. Ƙarshenta yana canzawa hawa bakwai gwargwadon aikinta a jimla, har da na kira. Bayan tilo da jam'i, akwai siga ta musamman don abu biyu cif, wadda Sulobeniyawa ke riƙe da ita har gobe.

Rashawa ma riɓi biyu suka samu: "moc" ta gado, mai furucin c irin namu, da "moshc" da suka aro daga harshen coci. Jam'in ta biyun, abin mamaki, gawarwakin waliyyai ake nufi da shi.

A ƙasar Cek kuwa, a sa wa moc po- a gaba ta zama pomoc, taimako. A sa ne- na korewa ta zama nemoc, rashin lafiya, kuma daga nan asibiti ya samo sunansa, nemocnice.