Kafin Sayen Camry, A Duba Shekarar Ƙira

Ma'aikacin da ya daɗe yana tsimin albashi domin sayen motar iyali ta hannu, da ya ji an ce Toyota Camry sai ya saki jiki. To, amma ƙirar 2007 zuwa 2009 mai injin lita 2.4 ta yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, saboda lahanin fistin da zobbansa, gyaran kuwa sai an kwance inji. A 2010 aka sake wa 'yar Amurka inji.

Wasu dillalai sukan rage wa mota shekaru. Saboda haka a ƙirga lambar shasi, domin a 'yar Amurka ta goma ce ke nuna shekara. In an ga 7, 8 ko 9, kada a biya sai bakanike ya duba fulogi da hayaƙin salansa.