Tarihin 'Yan Taru: Wa zai adana takardun matan Tambuwal da Kebbe?

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta rasu a 1864, amma har yau ana karanta rubuce-rubucenta kusan 60 cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. Dalilin tsirarsu ba ɓoyayye ba ne. Ta auri Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, takardunta suka zauna a gidan Waziri a Sakkwato, zuriya bayan zuriya, har suka iso hannun Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Shi ne ya buɗe wa Baturiyar nan Jean Boyd taskarsa, ita kuma ta fitar da tarihin Nana Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997.

Waƙoƙin sun samu gida mai kula da su. Ƙungiyar da ta kai waƙoƙin ƙauyuka ba ta samu irin wannan gata ba.

Bayan rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837 ne Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru. Matan aure masu ƙananan yara ba sa iya barin gida su je neman ilimi, don haka sai ta riƙa naɗa dattijuwa mai amana daga kowane yanki a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle a matsayin shaida. Jaji takan jagoranci 'yan mata da tsofaffi su tako har wurin Nana, su haddace waƙoƙi kan tauhidi da tsarki da salla da tarihin jihadi, su koma su koyar da waɗanda suka bari a gida. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Wannan makaranta ce mai shugabanci da naɗi da manhaja, sai dai mafi yawan bayanan tafiyar da ita a ka aka riƙe su: wace ce jajin gari kaza, wa ya naɗa ta, wa ta gada, ta wace hanya ayarinta ke bi. Jaji Hauwa'u ta shiga littattafan tarihi ne saboda Nana ta yi mata marsiyya. Sauran da ba a yi wa waƙa ba, sunayensu na bakin jikoki, kuma kowace tsohuwa da aka kai makwanci tana tafiya da nata kason.

Tambuwal na da ruwa da tsaki a wannan labari. Garin, wanda ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, ribaɗi ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya riƙe, kuma Buhari ɗan'uwan Nana Asma'u ne, malami mawaƙi da ita kanta ta yi wa marsiyya. Gwandu, mazaunin Abdullahi ɗan Fodiyo, ba ta da nisa daga nan. Sai dai tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, aka kuma cire Zamfara a 1996, ƙasar da a da take tafiya tare ta rabu gida uku. Mai binciken tarihin matan wannan yanki yanzu sai ya bi ma'aikatun jihohi uku, kuma duk wanda ya taɓa neman tsohon fayil a sakatariyar ƙaramar hukuma ya san abin da hakan ke nufi.

A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, mai ajiye rubuce-rubucen hannu da kayan tarihi. Akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda Sa'adiya Omar ta yi aikin taskace waƙoƙin 'Yan Taru, ta kuma rubuta tarihin Modibbo Kilo. A Kaduna akwai Gidan Arewa da reshen Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa. Takardun binciken Jean Boyd kuwa suna makarantar SOAS da ke Landan. An yi ta ƙorafi kan zaman irin waɗannan takardu a Ingila, kuma ƙorafin yana da tushe, domin ɗalibar da ke Kebbe ba ta da kuɗin jirgi. Amma gaskiya ita ce an adana su, an jera su, ana iya nemo su. Tambayar da ta fi zafi ita ce abin da ake yi da waɗanda suka rage a gida.

A wasu ƙasashe an ware wa tarihin mata gidaje na musamman. An buɗe na birnin Bonn a Jamus a 1981. Senegal ta buɗe Gidan Tarihin Mata na Henriette Bathily a tsibirin Gore a 1994, daga baya aka mayar da shi Dakar. Majalisar dokokin Amurka sai a Disambar 2020 ta amince a kafa irinsa ƙarƙashin Smithsonian. Ma'aikatan irin waɗannan gidaje sun san cewa kayan da aka baje wa 'yan kallo rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne rajistar da ke faɗin wanda ya kawo abu, daga ina, yaushe, da kuma bisa wane sharaɗi. Malfar jaji da ba a san mai ita ba, malfa ce kawai irin ta kasuwa.

A nan ne maganar ta dawo kan matan yau. Makarantun Islamiyya na matan aure da ke Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Kuci, da rassan ƙungiyoyi irin su FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, da ƙungiyoyin adashe, duk suna tara takardu: rajistar ɗalibai, littafin bayanan taro, rasit, hotunan saukar karatu. Ba a ɗaukar su a matsayin tarihi. Galibi suna zama a akwatin sakatariya ko amira, idan aka sake shugabanci ko aka yi rasuwa sai akwatin ya shiga cikin kayan gado. Abin da ya koma WhatsApp kuwa yana tafiya ne ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta.

Maƙiyan takarda a wannan yanki sanannu ne: gara, yoyon rufi da damina, ƙurar hunturu, da gobara. A 'yan shekarun nan an samu ƙarin wani, wato hare-haren 'yan bindiga da suka taɓa wasu ƙauyukan kudancin jihar. Wanda ke gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar gafaka. Abin da ya faru a Timbuktu a Janairun 2013 ya isa darasi: an ƙona dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba, yayin da dubban ɗaruruwa suka tsira saboda iyalai da masu ɗakunan karatu sun riga sun kwashe su zuwa Bamako a ɓoye.

Tsofaffin rubutun ajami suna da nasu rauni na daban. Ba a ɗinke su, warwatsattun ganyaye ne a cikin gafaka, kuma babu lambar shafi. Marubuci kan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama, da ita ake gane jeri. Idan gefen takarda ya gutsure, ko mai ɗaukar hoto ya yanke ƙasan shafin, jerin ya rikice ke nan. Haka kuma liƙa salatif a kan yagewa, ko rufe takarda da leda mai zafi a shagon kwamfuta, ɓarna ce da ba ta gyaruwa, duk da cewa da kyakkyawar niyya ake yin ta.

Mafi yawan abin da ake buƙata bai kai kuɗin walimar saukar karatu ɗaya ba. A ɗaga takardu daga ƙasa, a nisanta su da bango. A rubuta jerin abin da ke akwai da fensir, tare da sunan gidan da ya fito. A ɗauki hoton kowane shafi cikakke, a ajiye kwafi a wurare daban-daban, ɗaya a wajen garin. A naɗi muryar tsofaffin mata da izininsu, a faɗi rana da wuri a farkon naɗin. Don aikin da ya fi wannan girma, Ɗakin Karatun Birtaniya na da shirin ceto takardun da ke cikin haɗari tun 2004, wanda ya taɓa ɗaukar nauyin ayyuka a Najeriya, kuma tsarinsa shi ne asalin takardu su zauna a ƙasarsu, hotuna kawai ake kwafa.

Abin da ya fi wuya shi ne yarda. Gidajen malamai da yawa ba sa son fito da gafaka saboda tsoron a ara a ƙi mayarwa, kuma namiji baƙo ba ya shiga ɗakin tsohuwar da ke riƙe da sunayen jajojin garinsu. Aikin sai mata 'yan garin, malaman Islamiyya da ɗaliban jami'a da tsofaffin suka san iyayensu, su shiga da waya da littafi, su ɗauki hoton a gaban mai kaya, su mayar mata da abinta kafin su fita.